Suna Ɗaya, Baki Biyu

A Burj Hammud sunana Kegham.
A Yereban, da na rubuta shi a takardar haya,
mai gidan ta gyara tabarau, ta karanta: Gegham.
Harafin bai motsa ba, bakin ne daban.
Na amsa a makare,
kamar wanda aka kira da sunan maƙwabcinsa.

Kakata Aghavni ce ta koya min haruffan nan
da alli, a teburin da babana ke yankan fata,
tsakanin ƙusoshi da warin gam.
Talatin da takwas. Wani kamar sandar tsoho,
wani kamar kujerar da aka kifar da sauri.
Ta ce, su kaɗai uwata ta fito da su
daga garin da taswira ta sake wa suna.
Ba tukunya, ba zobe.
Su ba su da nauyi a kafaɗa,
kuma mai lalube ba ya jin su a aljihu.

Shekara arba'in ina ɗinkin takalmi
a lungun da rana ke leƙawa ta wuce.
Zare na saya da Larabci,
janareta na zaga da Larabci,
amma bashi, da addu'a, da ciwon haƙori,
da harshen kakata nake yin su.
Sai banki ya ja ƙofa a kan guminmu,
wutar lantarki ta zama baƙuwar awa biyu.
Aka ce gida biyu maganin gobara.
Na ƙunshe guduma da basilla a tsohuwar riga
na taho gidan da ban taɓa kwana ba.

Nan hawa na bakwai nake, injin hawa ya mutu tun bara.
In sanyi ya kama, ɗaki guda muke ɗumamawa,
takardar kuɗin gas tana kan firji tana harararmu.
Maƙwabciyata Hasmik 'ya'yanta uku,
duk suna Rasha suna shimfiɗa kwalta.
Ta ce min: ku kuna shigowa, namu suna fita,
ƙofar nan ba ta huta ba.
Ta miƙo min rumman biyu a cikin jarida.

Na nemi ruwa a shago, na ce cur.
Yaron ya yi murmushi: jur kake nufi, kawu?
Shekara uku cur ina cewa cur,
ya daina gyara min, ni ban daina kuskuren ba,
in dai kuskure ne.
Can ana ce min Ba'armeniye,
nan ana ce min mutumin Beirut.
Ƙishirwar dai guda ce.

Da safe, in gari ya washe, dutsen nan na fitowa
fari fat, a bayan igiyoyin shanya.
Tun ina goye nake ganin sa a kalanda.
Ga shi yau ido da ido,
amma akwai iyaka tsakaninmu, da masu gadinta.
Ina shan gahawa, yana kallo na, ba mai cewa uffan.

'Yata Nvart tana Marsai.
Ranar Lahadi takan ɗora min jikana a waya.
Ina tambaya da harshenmu, yana amsawa da Faransanci,
kalmominmu shida ya sani, huɗu na abinci ne.
Uwar ta ce yi haƙuri, Baba, makaranta ce.
Na ce ba komai. Na daɗe ina kallon wayar bayan ta mutu.

Daren jiya na yanka masa takalmi, jar fata,
na ƙara yatsa guda don ban san saurin ƙafarsa ba.
A ƙarƙashin harshen takalmin, inda ba a dubawa,
na ƙona sunansa da bakin basilla,
harafi biyar, irin na allin kakata.
Wata rana igiya za ta tsinke, ya ɗaga ya gani.
Ya karanta da bakin can ko da bakin nan,
ko ya kai wa uwarsa ya ce, wannan fa?
Ni dai na sa a akwati. Gobe gidan waya,
in ƙafata ta yarda da matakalar.