Baƙin Zare

Suka ce in kwanta rigingine,
in juya manyan yatsun ƙafa su dubi juna
kamar masu gulma.
Teburin ya fi bakin rijiya sanyi.
Yarinyar, Zuwaira ke rubuce a rigarta,
ta laɓe bayan bango ta ce, “Baba, kar ka motsa.”
Na ce, ’yata, motsin ai shi na zo nema.

Ƙit! Shi ke nan.
An gama leƙa cikina, ko ɗankwali ba a ɗaga ba.

Ni ne Attahiru, ɗan Adar, magini.
Rabin katangun unguwarmu a Tawa hannuna ne.
Na je ci-rani Abijan, tsani ya ci amanata a hawa na biyu,
na komo gida da kwatangwalon aro:
ƙwallo, ƙoƙo, da sandar ƙarfe
da aka dasa a ɓargon cinya, aka bi ta da siminti.
Ran da na ji kalmar siminti
na yi dariya har ɗinki ya ja ni.
Sana’a ta biyo ni har cikin ƙashi.

Shekara goma sha ɗaya yana ɗauke da ni,
kasuwar Lahadi, zanen suna, rakiyar gawa,
bai taɓa tambayar lada ba.
Bana ya soma magana.
Tashin farko daga tabarma sai ya cije ni a gindin cinya,
in na yi taku goma ya lafa
kamar jakin da ya tuna hanya.

Lokotoro Hambali ya maƙala hoto biyu a allon fitila:
tsohon da Gwamma ta adana ƙarƙashin katifa
tare da takardar fili,
da na yau, mai ɗumi.
Ƙarfe fari fat, ya fi kaɗa.
Ƙashi ruwan toka.
Tsakanin siminti da ƙashi kuwa
wani baƙin zare ya kwanta, siriri,
wanda babu shi a hoton jiya.

Ya fara laluben Hausar da zai faɗa mini.
Na ce bari, yaro, na gani.
Yaɓe ne ya rabu da bango.
In ka ƙwanƙwasa shi da gindin cokali
sai ya amsa maka da muryar ƙwarya.

Ya aza ma’auni, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.
Sandar ta nutse kaɗan, bai kai faɗin farce ba.
Mu dai cewa muke ginin ya zauna.

Abin da hoton ya ƙi faɗa shi ne dalili.
Tsufa ne ya kwance kwaɓin,
ko gara ce ta shiga ta ƙarƙashi?
Za a ɗebi jini.
Za a zura allura har gaɓar, a jawo ruwanta a tambaye shi.
Akwai wata na’ura mai yanka mutum faifai-faifai ba wuƙa,
amma ya ce ƙarfe kan watsa mata haske
kamar rana a kwanon rufi,
wani lungun ya ɓace cikin ƙyalli.
Watakila sai Yamai.

Gwamma ta yi shiru.
Na san ƙidayar da take yi:
jikka nawa, akuya nawa, buhun albasa nawa.

Shekara talatin ina gaya wa masu gida:
tsaga ba ta ƙarya, amma ba ta faɗin rana.
Ka ja mata layi da gawayi,
ka dawo bayan damina ka ga ko ta wuce shi.
Sukan tsuke fuska. Yau na san abin da ke cikin tsukewar.

Da muka fito, daidai inda ake jiran kabu-kabu,
katangar likita ta tsage daga sama.
Na jingina sandata,
na sa farce a ciki.
Gwamma ta ce, “Taho, ba taka ba ce.”