Giwar Alli

Bayan isha'i, a Tudun Wada, an ɗauke wuta.
Na shimfiɗa taswira a kan tabarma,
na danne gefunanta da kofin shayi, da dutsen guga, da takalmin Baba.
Shi yana zaune, ya karkata kai
kamar mai satar jin rediyon maƙwabta.

Shekara talatin da biyar yana zana giwa a allon makaranta:
kunne kamar faifai, haure biyu, hanci har ƙasa.
Da an kaɗa ƙararrawa, yaro ya tashi ya goge ta da tsumma.
Malam Jatau mai giwa, haka suke kiransa,
amma bai taɓa ganin ta ba.

Likita a Shika ya ce hawan jinin ido ne,
abin da ya tafi ya tafi, a yi tattalin abin da ya rage.
Na ce a raina, tattali don wace rana?

Kwana tara nake so. Na ƙirga sau uku, kuɗin bakwai ne.
Garatutinsa na can inda garatuti ke kwana.
Na roƙi uwar adashi ta ba ni ɗaukar watan gobe.

Barau direba ya zo daga Kwangila,
ya zagaya motar, ya shuri taya, ya tsotsi haƙori.
Ya ce za ta kai Haɗeja, za ta kai Nguru,
amma rairayi bai san Fijo ba,
daga Gashuwa sai mu nemi mai ƙarfin ƙirji.
Kuma shi ba ya tafiyar dare, ko da sisin gwal.

Na ɗora yatsan Baba a kan shuɗin takarda.
Nan fadama ce, kwana biyu.
Za mu shiga kwalekwale kafin rana ta buɗe ido,
akwai ɗinya, akwai zalɓe, akwai kirinjijiya,
da baƙin tsuntsaye da suka gudo wa sanyin ƙasarsu.
Ya ce, waɗannan ko ban gani ba zan ji.

Na ja yatsan zuwa arewa, inda takarda ta koma ruwan ƙasa.
Tuddan rairayi, Baba, bayan Yusufari,
goriba da dabino a cikin kwari, raƙumi a kan tudu.
Ya yi dariya: ni da ban ƙara hawa Kufena ba tun ina saurayi?
Na ce za mu riƙe ka, ni dama, Barau hagu.

Sai kudu, ta Potiskum, ta Bauchi, har ƙofar Yankari.
Na buga waya, wani mai gadin daji ya ce
gwanki akwai, gadu akwai,
birai kuwa a ɓoye musu burodi,
amma giwa ba ta yi wa kowa alkawari.
Wannan ban faɗa wa Baba ba.
Ashe ya ji.

Barira, ya ce, in ba ta fito ba, ki nemo min sawunta.
In durƙusa, in sa tafin hannuna a ciki,
in san ko na yi wa 'ya'yan mutane ƙarya.

Na rubuta: kilishi, ƙuli-ƙuli, jarka huɗu ta ruwa,
gidan sauro, bargo, maganin ɗigawa safe da yamma,
madubin hangen nesa, aro daga wata malama a Samaru.
Ya ce ki ƙara alli.

Ya laluba aljihu, ya zaro guntu, ya sunkuya kan siminti.
Ya fara da kunne, kamar kullum.
Hancin ya karkace, ya hau kan taswira,
ya ratsa Saminaka, ya nufi gida.

Wuta ta dawo. Yaran unguwa suka yi ihu.
Baba bai ɗaga kai ba,
yana neman inda zai sa mata ido.