Tufka a Ƙarƙashin Asibiti

Ƙarfe biyun dare a Valparaíso,
hazon teku ya hau tudu ya rufe tagogi.
Muna ƙarƙashin asibiti, ni da Ximena Quilodrán,
a ɗakin da fanka ba ta hutu,
suwic biyu a jere kamar tagwaye,
korayen idanunsu na ƙiftawa.

Ni na ga waya a ƙasa, bakinta ɗaya a sake.
Na ce marainiya ce, bari in sama mata gida.
Na soka.

Kafin in miƙe, fitilun sun ƙafe, sun zuba mini ido.
Saƙo ɗaya ya fita cigiyar mai shi,
na dama ya miƙa wa na hagu,
na hagu ya mayar wa na dama,
ɗaya ya haifi goma, goma suka haifi dubu,
kowanne na bin wutsiyarsa,
ba mai ce masa ya isa.
A hawa na huɗu hoton ƙirjin wani tsoho
ya tsaya rabi a kan allo.

Ximena ba ta yi faɗa ba.
Ta ajiye kofin shayi, ta bi wayar da yatsa,
ta zare. Ɗakin ya sauke numfashi.

Ta ce, Baltasar, hanya biyu alheri ne,
sai fa in ba su san da juna ba.
Ubana tufka yake yi a bakin tasha:
zare huɗu, igiya ɗaya,
in ɗaya ya tsinke, uku su riƙe jirgin.
Tagwayen nan mu sa musu waya a tsakani,
su riƙa jin bugun zuciyar juna,
su amsa suna ɗaya,
baƙo ya ɗauka mutum guda ne.
Ƙofar da ta yi saura, dokar bishiya ta kulle ta,
don reshe ba ya komawa ya zama saiwa.
Kullewa ce, ba toshewa ba,
tana jiran ranar da 'yar'uwarta za ta faɗi.

Muka tufke huɗun.
Ta ce, cire ɗaya mu gani.
Hannuna na rawa na cire.
Ko gezau.

Da asuba tsuntsayen teku na kewaya kasuwar kifi,
zagaye bayan zagaye.
Na tsaya ƙirga su har ɗaya ya gaji ya sauka.
Wayar nan tana aljihuna, shuɗiya.
Ta ce in riƙe.