Kwarashin Ragnhild

A Tromsø rana ta yi balaguro tun Nuwamba,
ba ta ce ga ranar dawowa ba.
Ni kuwa na ja kujera gaban murhu,
ulu a cinya, gahawa tana hucewa.

Shekara arba'in ina gyaran taru a teku,
yatsuna sun yi kanta kamar katakon jirgi.
Wa zai ce 'yar ƙugiyar nan,
siririya kamar ƙayar kifi,
za ta saba da hannuna?

Ragnhild ce ta bar ta a gwangwanin biskit,
tare da rabin bargo shuɗi.
Sau tara ina warware kuskurena
kafin zaren ya yarda da ni.

Soka, zagayo, jawo.
Soka, zagayo, jawo.
Ina ƙirga ido, sauran lissafi na zubewa:
kuɗin wuta, ciwon gwiwa,
wasiƙar asibiti da ban buɗe ba.

Mage ta sace dunƙulen jan ulu.
Na bar mata.

Maƙwabcina Eilif ya leƙo yana dariya,
wai tsohon masunci ya koma saƙa.
Jiya na hango shi a tashar bas,
hular da na yi masa har kunne.

Inda hannunta ya tsaya, saƙar a matse take,
inda nawa ya fara, ta ɗan saki.
Ban gyara wurin ba.
Nan nake ɗora tafina in dare ya ƙi ƙarewa,
sannan in ɗauki zare, in ci gaba.