Usur Uku

Shekara talatin da ɗaya na yi ina yagar tikiti
a bas ɗin Bijapur zuwa Bagalkot,
usur a baki, jakar fata a ƙirji.
In na busa ɗaya direba ya taka birki,
in na busa biyu mu kama hanya.
Yadda dawa ke zama abinci ban taɓa tambaya ba.
Nilawwa ce ta sani.
Nawa in buɗe ƙunshi a tasha, in ci, in kaɗe gashin baki.

Damina biyu ke nan da rasuwarta.
Wata takwas na yi a hannun masu suya,
mai da safe, mai da dare,
shayi kuwa sai cokali ya tsaya a sukari,
har likita ya ɗaure mini dantse,
ya matsa, ya dubi allura, ya dube ni.
Ya ce, Sangappa, zaɓi ɗaya:
ko ka koma murhu, ko mu ware maka gado a nan.

Gwangwanayenta na nan a kan kanta
yadda ta bar su, manya a baya.
Farin wake mai baƙin ido. Koren wake ƙanana.
Garin dawa ya yi tsutsa, na zubar,
na kai mudu biyu inji da kaina,
yaron injin yana ta kallona.

Wake ba ya son gaggawa.
Ka jiƙa shi da almuru, ya kwana yana shan ruwa,
da safe ka tsane, ka ƙulle a tsohon rawani,
ka rataya a ƙusa.
Kashegari ya fito da farin wutsiya.
Ranar da na fara gani, ni kaɗai na yi dariya a ɗaki.

Mai cokali ɗaya, likita ya ce, ba biyu ba.
'Ya'yan mastad su yi tsalle su gaji,
sai tafarnuwa, sai albasa, sai kurkum a bakin cokali,
tsamiya kamar girman goriba na sa da farko,
kwana biyu haƙorana na zagina.
Gishiri yanzu da yatsu biyu nake ɗiba.
Nilawwa da uku take.

Gurasar dawa ita ta wahalshe ni.
Maƙwabciyata Kasturi ta leƙo ta katanga,
ta ce ruwan sai ya tafasa, malam kwandasta,
ka kwaɓa da zafinsa, ka buga da tafin hannu,
kana bugu kana juyi.
Ta farko ta fito kamar taswirar gundumarmu,
ta tsage wajen kogi.
Ta goma sha wani abu ta kumbura a kan kasko,
ta yi numfashi.
Na tsaya riƙe da tsumma, ban san me zan ce ba.

Jikata Renuka ta zo hutu daga Bengaluru
da taliyar leda cike da jaka.
Na zuba mata wake, na gutsura gurasa,
kindirmo a gefe, dakakkiyar gyaɗa da barkono,
na fasa ɗanyar albasa da dunƙule.
Ta ci shiru. Ta miƙo kwano.
Ta ce bai kai na kaka ba.
Na ce na sani. Ta ce ƙara mini.

Allurar likita ta sauko kaɗan.
Wandona ya nemi sabon mazagi.

Yanzu tukunyar ƙarfe ke riƙe da usur.
Ta busa ɗaya, in aje jarida.
Ta busa biyu, in miƙe, gwiwa na ƙara.
A na uku in kashe wuta,
in jira tururi ya gama maganarsa,
kwano ɗaya a ƙasa,
ɗayan kuma, don mantuwa, wani lokaci har yau
sai na sauko da shi.