Lamba Ta Bakwai

A ɗakin ƙasa na gidan gwanjo a Hereford,
inda sanyi ya yi gida a cikin bango,
Malama Winifred ta miƙo mini farar safar hannu.
Ta ce nan ba a gaisa da tsohon itace da tsirarar fata.

Sanduna goma sha ɗaya kwance a kan bargo,
kowace da takarda a wuya kamar akuyar kasuwa.
Wannan daga Fiji, in ji ta, zanen gindinta ne shaida.
Wannan ta Ailan, ƙayoyinta ba su gama mutuwa ba.
Ta bakwai kuwa, takardarta kalma uku kawai:
ba a sani.

Ni direban bas ne, ba masani ba.
Maƙwabcinta ne ya ce mata akwai wani baƙin mutum
da kakansa ya tsufa a farauta.

Na ɗaga. Nauyin ya riga idona magana.
Kirya ce, wadda gara ke yi wa sallama daga nesa.
Ƙugiyar kan ba sassaƙa ba ce,
saiwa ce ta lanƙwasa tun tana ƙasa,
wani ya gan ta, ya yi haƙurin tona.
An gasa ta a rushi, ga tabon.
Kere ne, na ce. Da shi ake katse wa zomo hanzari.

Wane gari? Wace shekara?
Alƙalaminta ya tsaya a sama yana jira.
Na so in ce Maradun, in ce Baffa Tanimu,
in ɗinka mata labari mai aljihu.
Amma kirya ba ta da gari ɗaya,
kuma wanda ya ɗauko ta bai tambayi sunan kowa ba.

Abin da na iya karantawa kaɗan ne:
tsaga takwas a mariƙi, ta taran an fara, ba a ƙarasa ba,
da wani kwarmi da babban yatsa ya ci
a gefen da bai kamata ba.
Bahago ne, na ce.

Ta rubuta: Hausa, wataƙila. Fam sittin zuwa tamanin.

Da ta juya neman madubin ido
na zare safar, na ɗora yatsana a kwarmin.
Bai karɓe ni ba. Ni da dama nake ci.
Na sauya hannu.

Sai ga shi ya zauna daram,
kamar mai gida ya leƙa waje ne, yanzu zai dawo.

Ƙarfe huɗu ina da fasinja a tashar Leominster.
Duk hanya hagu ce ke riƙe da sitiyari.