Duhun Mabera

Ni ne Tunau, mai ɗaukar kaya.
Ni ke naɗe waya, ni ke warware ta.
Sunana bai taɓa fita a lasifika ba,
amma in sauti ya shaƙe, ni ake harara.

Ran Asabar muka sauka Mabera,
bikin ɗan wani dillalin albasa.
Keke biyu: ɗaya ya ɗau janareta,
ɗaya ya ɗau fiyanon Arzika,
wanda ya cinye adashen wata goma sha huɗu
har da kuɗin tunkiyar Inno, matarsa.
Kalangun Baba Nomau kuwa a cinya ya zo,
ba a ɗaure shi da igiya kamar buhun dawa.

Ƙarfe goma wuri ya yi wuri.
Naira na sauka a goshin ango,
yara na rarrafe tsakanin ƙafafun manya,
sai janareta ya yi tari sau biyu
ya haɗiye ransa.

Duhun bai kai tsawon alwala ba.
Tocila a baki, na hure filogi, na ja igiya,
haske ya dawo ya tarar da mu:
teburin Arzika tsaye, ba kowa a bisa,
waya na reto kamar wutsiyar ƙadangare
da mai ita ya bari ya tsira.
Makirufo biyu sun bi dare.

Sannan muka ji shirun Baba Nomau.
Garin wawar kuɗi wani ya taka kalangu,
dunduniyar takalmi ta shige fata,
tsarkiya uku sun tsinke.
Ya ɗaga shi yadda ake ɗaga jinjiri mai zazzaɓi.
"Shekara talatin bai san ƙasa ba," in ji shi,
"yau ɗai na aje shi in sha ruwa."

Uban ango ya ce taro ne, a yi haƙuri,
tsautsayi ba ya wuce ranarsa,
sannan ya zabge rabin kuɗinmu
don kiɗa bai kai sha biyu ba.
A caji ofis aka ce, ina rasit?
Aka ce mota ba mai.
Muka fito, aljihu ya ƙara sauƙi.

Kwana tara, a Tsohuwar Kasuwa,
layin masu gyaran rediyo,
ga shi kwance an goge shi yana ƙyalli.
Farin maɓalli na uku daga hagu
na ɗauke da ɗigon jan farce
da Hantsi, 'yar Arzika, ta ɗiga masa ran sallah.
Mai shago ya ce, "Na Kwatano ne, jiya ya iso."
Arzika ya ɗora yatsu uku ya danna,
ba wuta, ba sauti,
amma na ga leɓensa na bin waƙar.
Ya ɗago ya ce, "Nawa?"
Muka tsaya cikin rana muna taya abinmu,
albarka, albarka, har la'asar.
Ɗan kunnen Inno ne ya cike gibin.

Baba Nomau ya samo fata gun majema,
ya jiƙa, ya ɗaura, ya shanya kwana uku.
Da ya matsa shi a hammata ya buga,
muka ce Baba, ya tashi!
Ya girgiza kai:
"Yana magana, amma da bakin baƙo."

Gobe muna Arkilla, wani biki.
Na sayi sarƙa da kwaɗo ɗan dubu biyu.
Zan zauna na ba filin rawa baya,
wayar fiyano ƙarƙashin tafin ƙafata.
In kun ga ana liƙi ban ɗago ba,
ba girman kai ba ne.
Da ƙafa nake sauraren kiɗa yanzu.